Ƙayar da Malam Badaru Ya Taka

Bara'atu 'yar fari ce, shi ya sa tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifinta ba. A gidansu da ke gefen Karare, inda garken shanu ya jingina da gonar gero, in Malam Badaru yana da saƙo gare ta sai ya dubi ƙanensa Haliru, ko ya dubi bango, ya ce, "A ce wa waccan ta kai wa maruƙa ruwa." Ita ma in ta hango shi tafe sai ta sake hanya. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Kunyar ɗan fari ce, haka suka taras ana yi. Shi ne ma ya tsaya mata har ta samu shiga makarantar koyon aikin jinya a Katsina. Amma ranar tafiyarta bayan rumbu ya laɓe, Bappa Haliru ne ya kai ta tashar Batsari a kan mashin.

Karatu bai ba ta wuya ba. Hannunta kuma mai sanyi ne, ya saba da tatsar saniya mai harbi. In ta yi wa yaro allura, sai an gama yake tuna bai yi kuka ba. Bakinta ne matsalar.

A jarrabawar ƙarshe, wadda ake yi a bakin gadon majinyaci, aka haɗa ta da wani dattijo mai farin gemu. Aikinta ta tambaye shi ciwonsa daga farko har ƙarshe, malamarsu, Malama Hassana, tana tsaye tana saurare. Bara'atu ta durƙusa ta gaishe shi. Ta tambayi ƙarfin jiki, ta tambayi mutan gida, har damina ta tambaya. Da aka zo kan yadda yake fitsari da bayan gida, sai harshenta ya ɗaure. Ta dubi gemun, ta dubi ƙasa. Dattijon ma ta burge shi, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, yarinya, kina da tarbiyya."

Albarkar ta samu, jarrabawar ta faɗi.

Malama Hassana ta ja ta gefe. "Kunya ado ce a ɗakin uwarki," in ji ta. "A nan kuwa, abin da kika ji nauyin tambaya, shi zai kashe mutum. Ki je ki yi tunani kafin a sake zama."

Ƙawayenta suka karɓi sakamako suna guɗa, ita ta koma ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Bushira, wadda suke kwana ɗaki ɗaya, ba ta bar ta ta yi ta kuka ba. Ta naɗa ɗankwali kamar rawani, ta liƙa auduga a haɓa, ta kwanta a gado tana nishi.

"Tambaye ni, 'yar nan. Fitsarina lafiya lau, har da kumfa."

"Don Allah, Bushira!"

"Wace Bushira? Alhaji nake, jikokina sun cika gida. Ki ɗaga murya, kunnena ya tsufa!"

Haka suka yi ta yi, yau Alhaji, gobe liman, jibi mai unguwa, har Bara'atu ta iya furta kalmomin ba ta rufe fuska ba. Da aka sake zama ta ci. Gumi ya jiƙa mata hijabi, amma ta ci. Ta sa fararen kaya, aka tura ta wani ƙaramin asibiti a Safana, ƙarƙashin wata babbar nas da kowa ke kira Sista Nana Hadiza.

Ba ta daɗe da fara aiki ba, wata ranar da hantsi, Sista tana ɗakin haihuwa da wata mai naƙuda, namijin da ke aiki da su kuma ya fita ƙauyuka rigakafi, sai ga mashin ya tsaya daidai ƙofa. Bappa Haliru ne. A bayansa Malam Badaru, sanda a kafaɗa, ƙafarsa ta dama naɗe da tsumma, babu takalmi.

"Ce masa na yi bijimi za mu dubo," Bappa ya raɗa mata yana dariya. "Innarki ce ta turo ni. Ta ce warin ƙafar ya hana ta sakat."

Malam Badaru ya ga inda aka kawo shi, ya ga wadda ke tsaye cikin fararen kaya. Ya shiga ya zauna a benci, ya juya fuska wajen bango.

"Ka ce mata ƙaya ce na taka tun kafin girbi," ya ce da Haliru. "Babu namiji a nan?"

"Bappa, ka ce masa namijin sai yamma."

"To ka ce mata mun gode. Mu tafi, kada la'asar ta yi mana a hanya."

Bara'atu ta zura safar hannu. Ta ce, "Bappa, ka ce masa wannan ba hannuna ba ne, safar asibiti ce. Ita za ta taɓa shi."

Haliru ya ƙyalƙyale da dariya ya isar. Malam Badaru ya miƙo ƙafar kamar ba tasa ba.

Da ta kwance tsumman sai da ta riƙe numfashi. Ciwon yana ƙarƙashin ƙafa, kusa da yatsu, ya yi rami, bakinsa ya fara baƙi. Ta wanke, ta shiga cire mataccen nama. Wannan aikin ta ga ƙatti suna ihu a kansa, wasu har sai an danne su. Malam Badaru ko gezau bai yi ba.

"Kin ga Bafulatani!" in ji Haliru, yana buga cinya. "A gida har ƙarfe aka sa a wuta aka ɗora masa, ko ido bai ƙifta ba. Duk Karare maganar ake yi. Wannan shi ne fulako, ba irin na yaran yanzu ba, da ƙudan zuma zai harba su tara gari."

Ita ma da farko daɗi ta ji, ubanta ne ake yabo. Sai idonta ya sauka kan hannunsa.

Wanda bai taɓa zama gaban ubansa ba, daga nesa yake koyonsa. Ta kafar zana Bara'atu ta san Malam Badaru. Ta ga ranar da sa ya take shi, ta ga ranar da kunama ta harbe shi a rumbu. Fuskarsa ba ta taɓa nuna komai ba, amma hannunsa yakan damƙe sanda har jijiyoyi su tashi. Yau ga sandar kwance a cinyarsa, yatsunsa a sake kamar na mai gyangyaɗi. Ta ƙara danna wurin da gangan. Hannun bai motsa ba.

Sai ta fara ganin sauran. Rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa ya zurma. Tun da suka shigo ya shanye ruwan da ke gorarsa, yana kuma lasar leɓe. Ta tuna darasin ciwon suga, yadda yake kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙusa bai sani ba, ciwo ya yi ta ci a ɓoye. In haka ne, ta ɗaure ta sallame shi, zuwansa na gaba yanke ƙafar za a yi. Makiyayi kuwa ƙafarsa ce rayuwarsa.

Amma daurewa yake ko ba ya ji, shi kaɗai ya sani. Kuma ba zai taɓa faɗa ta bakin ƙanensa da ke masa kirari ba.

"Bappa," ta ce, "mashin ɗinka ya tare ƙofa. Ka mai da shi gindin dalbejiya, ka jira a can."

"To wa zai riƙa kai magana?"

"Ka dai je, Bappa."

Haliru ya dube ta, ya dubi yayansa, ya fita yana kaɗa kai. Ɗakin ya yi tsit, sai muryar Sista daga can tana ba mai naƙuda ƙwarin gwiwa. Tun da aka haifi Bara'atu ba su taɓa zama su biyu kaɗai ba. Harshenta ya fara ɗaurewa kamar ranar dattijo mai farin gemu.

"Baba."

Kafaɗarsa ta motsa.

"Daurewa kuke yi, ko ba ku ji ne?"

Idonsa na kan bango. "A ce mata..."

"Babu kowa a ɗakin nan sai ni, Baba. In daurewa ce, in ɗaure ku tafi gida. In kuwa ba ku ji ne, ƙafar nan tana shirin rabuwa da ku. Ba zan iya sani ba sai kun faɗa mini."

Ta ɗauka tashi zai yi ya fita. Sai ta ji ya yi ajiyar zuciya.

"Ba na ji," ya ce a hankali. "Tun bara nake taka ƙasa kamar da ƙafar aro. Ƙayar ma ban san na taka ta ba, jini na gani a takalmi."

"Me ya hana ku faɗa?"

"Suna ta yabo."

Hawaye ya taho mata, ta mai da shi. Aiki bai ƙare ba.

"Fitsari fa? Kuna yawan yi?"

"La'ilaha illallahu!" Ya rufe ido. "Abin da aka tura ki Katsina ki koyo ke nan?"

"Shi ne, Baba. Har sai da na maimaita jarrabawar."

Wani abu mai kama da murmushi ya gifta a gemunsa. Ya amsa, yana kallon ƙasa: yana yawan yi, ba dare ba rana, har ƙiyashi na taruwa a wurin. Ƙishirwa kuma ba ta barinsa ko ya sha kwarya guda. Ta kama yatsan hannunsa ta tsaga, ta ɗiga jini a na'urar awon suga. Abin da na'urar ta nuna ya sa ta miƙe da sauri ta leƙa ɗakin haihuwa.

Sista Nana Hadiza ta fito tana goge hannu, jariri na tsala kuka a bayanta. Ta duba na'urar, ta duba ƙafar, ta kira likita a waya. Aka ce a wuce da shi Katsina yau ɗin nan, kada a kwana.

"Shanu fa?" in ji Malam Badaru.

"Shanu suna da ƙafafu huɗu-huɗu, Malam," in ji Sista. "Kai biyu gare ka, ɗaya kuma tana lilo." Sannan ta juyo ga Bara'atu. "Me ya sa kika auna? Wata da ta wanke ta ɗaure kawai."

"Tambayarsa na yi."

"Ya kuma faɗa miki? Bafulatani?"

"Babana ne."

Sista ta riƙe haɓa. "Ke ce ta fari?"

Bara'atu ta gyaɗa kai. Sista ta dafa kafaɗarta ta matsa da ƙarfi.

Ya yi makonni a Katsina. Likitocin can suka ce da an ƙara jinkiri, daga gwiwa za a yanke. Yatsa ɗaya ya tafi, ƙafa ta tsaya.

Bayan an gama kai amfanin gona gida, wata safiya Bara'atu tana jera kayan aiki sai ta ji hayaniya a waje. Ta leƙa ta taga. A-kori-kura ce ta sauke mutane a bakin titi, ga Malam Badaru yana tahowa da ƙafafunsa, cikin rufaffen takalmi, sanda a kafaɗa ba a ƙasa ba. Bappa Haliru na gefensa. A bayansu wasu dattawa ne na rugagen wajensu, kowa da malafarsa, suna tafe suna waige-waige kamar an kawo su kotu.

Shi ya fara shiga. Ya zauna a bencin nan, ya fuskanci bangon nan.

"Ka ce mata na zo awo," ya ce da Haliru.

"Bappa, ka ce masa ya kawo yatsa."

Ta tsaga.

"Wash!" in ji Malam Badaru.

Haliru ya yi tsalle. "Kai, Yaya! Ina fulakon? A kan ɗan wannan?"

"An ce in na ji in faɗa."

Awon ya yi kyau, ciwon ya haɗe. Ya mai da takalminsa da kansa ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya gaban dattawan, ya ɗaga murya yadda za a ji har ciki.

"Ku shiga ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ta tambaye ku, ku faɗa, ko da na fitsari ne. Kada wanda ya yi mata fulako. 'Yata ce, ta san aikinta."

Bai ambaci sunanta ba, ita ma ba ta jira ya ambata ba. Ta cire safar ta zura sabuwa, ta gyara hijabi. Dattijon farko ya shigo yana sanɗa, gemunsa fari fat har ƙirji.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji Bara'atu, muryarta a sake. "Ku zauna nan, ku cire takalmi. Akwai tambayoyi."