Zannuwa a Kan Farantan Sola

Shekara ashirin da ɗoriya Inna Mai Wanki tana shanya zannuwan gadon asibitin a filin da ke bayan ɗakin wanki. Kwatsam wata rana aka zo da manyan motoci, aka kwance igiyoyinta, aka kafa ƙarafa, aka jera farantan sola baƙaƙe wul, layi-layi, suna kallon sama. An ce da hasken rana za a riƙa ba asibitin wuta, a huta da hayaƙin janareto da ƙararsa. To, madalla. Sai dai ba wanda ya tambayi Inna inda za ta kai zani sittin jiƙaƙƙu kullum. Wani lungu mai inuwa aka nuna mata, inda zani kan kwana ya wuni yana ɗiga.

Cikin ma'aikatan akwai mai haɗa wayoyi, wani magidanci da ake ce wa Mai Tsani, don ba ka ganinsa sai da tsani a kafaɗa. Shi ya lura Inna na zagaye shingen da aka kewaye farantan da shi, da bokiti, gwiwa na ƙara, don ta zubar da ruwan wanki a magudana.

"Inna, wannan zagayen naki har ni yake gajiyarwa," ya ce mata. "Zan bar miki ƙaramar ƙofar nan ba kwaɗo. Amma ba ki gan ni ba, ban gan ki ba."

"Allah ya raya maka zuri'a, ɗana. Wa zai gan ka, kai da kullum kana sama kamar ƙadangare?"

Da aka gama layin ƙarshe, wanda bangon ɗakin wanki ya kare daga idon mutane, aka fara gwaji. Aka ɗora ɗakin bakwaini a kan sabuwar wutar, can inda ake sa jarirai a kwalba. A makon ne Inna ta bi ta ƙaramar ƙofa da tsakar rana, ma'aikata duk sun fita cin abinci, ta dafa wani faranti don ta huta. Ta ji shi zau, ga santsi, ga gangare, ba ƙura. Kai, ko ita ta ba da aikin a yi mata ai iyakarsa ke nan. Ta koma ta ɗebo zannuwa ta shimfiɗe layin nan kaf. Kafin masu cin abinci su dawo sun bushe ƙayau, ta kwashe ta ninke.

Kwana uku tana haka, har Sista mai kula da ɗakin bakwaini ta yaba mata kan yadda zannuwa ke zuwa a bushe da wuri. A rana ta ukun, wajen la'asar, ƙararrawa ta ɗauka a ɗakin. Batir bai cika ba, wuta na neman ɗaukewa. Aka ruga aka tayar da janareto, Sista ta fito zufa sharkaf, ta ce ba abin da ya sami jariri ko ɗaya, amma ita ba za ta sake yarda da wannan wasan ba.

Washegari Injiniya mai duba aikin ta zo da kwamfutarta. Ta ce kullum daga sha biyu zuwa ƙarfe biyu layin ƙarshe mutuwa yake yi, alhali lokacin ne rana ta fi ƙarfi. Ta ce ba shakka wayar da aka binne a ƙarƙashin hanya ce ba a haɗa da kyau ba, in ta ɗau zafi sai ta saki. Kuma Mai Tsani ne ya haɗa ta.

"Ranki ya daɗe, sau uku na gwada ta kafin a rufe," in ji shi. "A duba sama tukuna. Ko tsumma ya faɗa kan faranti ɗaya, duk layin sauka yake yi."

"Na duba. Fes suke. Ka tone, in ka gama ka ajiye hular kwanonka a ofis, aikinka a nan ya ƙare."

Inna na bakin taga tana matsar zani. Da ta ji maganar tsumma sai hannunta ya tsaya, ruwa na bin gwiwar hannunta har cikin riga. Ta ce a ranta ai shi ke nan, in ta daina, wuta za ta dawo da kanta, kowa ya huta, ba sai tsohuwa ta tsaya gaban yara ta ce ita ce ba.

Abin da ba ta sani ba, kafin a taɓa wayar sai da aka kashe layin gaba ɗaya. Ba wanda zai ga ya warke.

Kwana biyu tana kallon Mai Tsani da diga yana fasa kwalta a rana. Hanyar motar asibiti ce, don haka marasa lafiya sai a sauke su a ƙofar waje, a zagayo da su a gadon turawa ta kan tsakuwa. Ta ga an wuce da wata mai naƙuda tana cije leɓe. Shi kuwa duk da haka in ya ɗago sai ya ce, "Inna, yaya gwiwa?" Ita ko sai ta sunkuya kan baho.

A rana ta uku da safe ya kai ga wayar. Inna ta ɗauki jiƙaƙƙen zani ɗaya ta fito, ta tarar da Injiniya a bakin ramin.

"'Yata, zo ki ga wani abu."

Ta ja ta ita da Mai Tsani har layin ƙarshe, ta warware zanin ta shimfiɗa a kan faranti, ta gyara gefensa yadda ta saba. Ba ta iya ɗago kai ba.

"Haka na yi. Duk layin, kwana uku."

Injiniya ta dubi zanin, ta dubi ramin da ya ratsa hanya.

"Ta ina kika shigo, Inna?"

"Ni na bar mata ƙofa," in ji Mai Tsani.

"Wannan sai na rubuta shi." Ta cire tabarau tana gogewa, ta ƙi kallonsa. "Wayarka... ka mayar da ƙasa. Hular kuwa, ka riƙe abarka."

Ta wuce da sauri. Aka bar su su biyu.

"Yaushe kika gane, Inna?"

Ta so ta ce yau. "Tun ranar da aka ce ka tone."

Ya juya tafin hannunsa yana kallo, duk ya yi kanta ya fashe.

"Ka yafe ni, ɗana."

"Zannuwan na yafe, ba ki sani ba. Kwana biyun nan kuwa, ki bari hannuna ya warke tukuna."

Ya ɗauki shebur ya sauka rami. Inna ta janye zanin ta rungume shi da jiƙonsa, ta nufi ɗakin bakwaini, don Sista ma ba ta ji ba tukuna.