Kifin Lungun Bututu

Zuliha tana cikin faskaren itacen bandar kifi sai ƙanenta Rabi'u ya shigo da daro a ka. Ya sauke, ya fita, ya dawo da wani, sai da ya jera su har bakin murhu.

Ta tsaya da gatari a hannu. Damina ta yi nisa, tafki ya cika ya haura cikin ciyawa, kifi ya watse. An kwana biyu masuntan Tungar Mainasara suna dawowa da abin da bai wuce na miya ba. Ita kanta murhunta ya huce, har kaza ta fara ƙwai a ciki.

"Rabi'u, wannan duk naka ne?"

"Allah ya yi rabo, Yaya. Ki hura wuta tun rana ba ta yi ba."

Ta durƙusa ta sa hannu. Ga karfasa, ga tarwaɗa, ga ƙurungu, har da 'yan ƙanana kamar yatsa waɗanda babu ragar da za ta riƙe su. Ta juya wata karfasa. Babu shaidar zare a wuyanta, babu ta ƙugiya a baki, cikinta kuma ya yi laushi kamar ta kwana. Ta kai hanci. A ƙarƙashin ƙarnin akwai wani wari mai hawa kai, irin wanda ke bin rigar mai feshin wake.

"Mi ka zuba musu?"

Ya yi kamar bai ji ba, yana ta matse ƙafar wandonsa.

"Da kai nike. Mi ka zuba?"

"Kaɗan ne. Can sama wajen Shanga wasu suna yi, ba wanda ya mutu. In anka banda shi wuta na cinye komi."

"A ina?"

Sai ya ɗago. Shekarunsa sun haura ashirin, yana da mata da tsohon ciki, amma a lokacin fuskarsa ta koma ta yaro.

"Lungun bututu," ya ce.

Lungun bututu shi ne inda ruwa ya shigo ya kwanta a bayan dutse, can ƙarshen gari. Nan babban bututun da ke ja wa garin ruwan famfo yake nutse. Sarkin Ruwa ya hana kamun kifi a wurin tun da aka kafa inji, shi ya sa kifi ya taru. Ruwan lungun ba ya gudu, abin da ya faɗa ciki yakan daɗe yana yawo.

Zuliha ta buɗe baki, kafin ta yi magana ta ji wata ƙara. Daga ƙarshen gari injin ruwa yana ta bugawa, tif-tif-tif, da alama ma ya jima yana yi, hankalinta ne bai kai ba. Ranar Talata ce, ranar da ake sakin famfo.

"Innalillahi. Baba Enoch ya tada inji."

"Ai yana sa alam da maganinsu," Rabi'u ya ce da sauri. "Kuma ruwan da yawa. Kwalba guda cikin wannan tafki, mi za ta yi?"

"Ta kashe maka wannan tulin."

Inna ta fito daga ɗaki da carbi a hannu. Ta ji komai, domin zana ce kawai tsakaninsu. Ta dubi darurrukan, ta dubi ɗanta.

"Zuliha, ki zamna. A haƙa rami a binne kifin, shi ke nan. In maganar ga ta fita, jirginsa za su karɓe, 'yan sanda su tafi da shi. Matarsa ko yau ko gobe."

"Inna, ruwan ga mu ma shi za mu sha."

"Mu sha na randa. Allah na tsare sauran."

Zuliha ta zaro waya daga ƙugu ta kira Baba Enoch mai kula da inji. Wayar ta yi ta ƙara har ta tsinke. Ta sake kira. Mutumin da ke tsaye kusa da wannan injin ko tsawa aka yi ba ya ji. Ta yafa mayafi. Rabi'u ya sha gabanta a bakin ƙofa, bai taɓa ta ba, hannuwa kawai ya haɗa.

"Yaya, don Allah."

"Ba zan ambaci sunanka ba. Kauce."

Hanyar gidan inji ta bi ta gaban famfon kasuwa. Tun daga nesa ta hango bokitai da jarkoki sun yi layi har sun sha kwana. Tun waccan Talatar ba a ga ɗigo ba, mata sun fito da duk abin da zai iya riƙe ruwa. Kan famfon yana ta huci, iska ce ke fita, alamar ruwa yana kusa.

Maƙwabciyarta Grace, mai tuyar ƙosai, tana kusa da gaba, 'yarta Christiana ta rataye da zanenta.

"Zuliha, ina bokitinki? Kawo in sa miki a bayana."

Zuliha ta tsaya tana haki. Kalmar tana bakinta, amma ta san in ta furta guba, tambaya ta gaba ita ce wa ya zuba, ita kuwa ga ƙarnin kifi a hannunta.

"Jama'a, kada kowa ya sha ruwan yau," ta ce. "Ba shi da kyau."

"Yaushe ya taɓa yin kyau?" in ji Delu, wata dattijuwa mai tsinin baki da ke zaune kan jarkarta. "Wancan mako kamar koko ya zo, munka sha, ga mu nan."

Aka yi dariya.

"Da gaske nike. Ku jira in dawo."

"Mu jira, a ɗauke, mu koma shan na tafki? Tafi abinki."

Grace ta bi ta da kallo tana shirin tambaya, amma Zuliha ta riga ta wuce. Bayan masallacin Juma'a hanya ta zama taɓo. Takalminta ɗaya ya maƙale, ta bar shi, ta cire ɗayan ta ruga.

Baba Enoch yana gindin tanki, ya kama ƙarfen bawul mai sakar wa gari ruwa da hannu biyu yana murɗawa. Dattijo ne Bakambare, shi ke riƙe da injin tun da aka kawo shi. Ta kama hannun rigarsa.

"Baba, rufe! Rufe shi!"

"Mi?"

Ta kai baki kunnensa. "An zuba maganin feshi a lungun bututu!"

Ya ja ta suka matsa bayan bango inda ƙarar ta ragu.

"Wa ya gaya miki?"

"Na dai sani."

"Ɗiyata, na dai sani ba ta kashe inji. Man da ke cikinsa karo-karo anka yi, unguwa-unguwa. In na rufe yanzu, mutanen ga sai su tsire ni. Bara wani ya zo ya ce an ga gawa a ruwa, na zubar da tanki guda, ashe kare ne, kuma can nesa."

"To zo ka gani."

"Ba na barin inji shi kaɗai."

"Baba, ga lungun can, ko tari ka yi ana ji. Zo ka gani, in ƙarya nike ka tara mini gari."

Ya dube ta daga sama har ƙafafunta da suka yi dumu-dumu da laka. Ya bi ta. Suka gangara ta bayan dutse. Tun kafin su kai bakin ruwa warin ya tarye su. Ƙananan kifaye sun rufe gefen lungun, cikinsu fari a sama, ga kwaɗi sun miƙe ƙafa. A kan ragar ƙarfen da ke bakin bututun kuwa, ruwan da inji ke zuƙa ya tattaro matattun ya liƙe su, sai kaɗawa suke yi.

Baba Enoch ya ce, "Yesu."

Ya juya nan take. Ya haura da gudun da Zuliha ba ta zaci yana da shi ba. Injin ya yi tari ya mutu. Ta iske Baba Enoch ya rungumi ƙarfen bawul yana mayarwa, ta kama suka murɗa tare har ya ƙi motsi.

"Alam ɗin da kake sawa fa?" ta tambaya. "Ba ya kashe shi?"

"Laka yake kwantarwa. Ɗayan maganin kuma na ƙwayar cuta ne. Wannan ba abin da suke yi masa." Ya share gumi. "Wanda ya riga ya shiga bututun gari ya tafi. Kira duk wanda kinka sani. Ni zan kira liman da fasto."

Tana kan hanyar komawa lasifikar masallaci ta buɗe. Ladan yana shela: kada a sha, kada a ba dabba, kada a dafa, an sa guba a ruwa. Can unguwar gabas ƙararrawar coci ta ɗauka.

Famfon kasuwa ya hargitse. Bokitan gaba sun cika, wasu mata suna kifar da nasu, wasu sun riƙe sun rasa yadda za su yi. Delu ta sa yatsa a maƙogwaro tana kakari. A tsakiya Grace tana durƙushe da Christiana a cinya. Ruwan yana zuwa yarinyar ta tara hannu ta sha ta ƙoshi, kamar yadda yara ke yi. Yanzu ta yi amai, yawu yana dalala daga bakinta, idanunta suna lumshewa.

Grace ta ɗago ta ga Zuliha.

"Kin sani," ta ce. "Kin tsaya nan kin sani. Mi ya hana ki ce guba?"

Zuliha ta durƙusa kusa da ita. Ta kwance mayafinta ta taya ta goya yarinyar. Wani mai kabu-kabu ya kawo babur, aka ɗora su sai ɗakin shan magani. Ma'aikaciyar wurin ta fito ta duba idon yarinyar, ta ce a wuce asibitin Yelwa yanzu, amma a gaya wa likita sunan maganin, domin kowane da irin allurarsa.

"Wane magani ne?" ta tambayi jama'ar da suka biyo. "Wa ya san kwalbar?"

Kowa ya juyo ga Zuliha. Maza sun fara taruwa, wasu da sanduna.

"Ke kinka fara sani. Wa ya gaya miki?"

"Mai banda ce, ta san mai kifin!"

Zuliha ta kau da kai daga gare su. Ta dubi hannun Christiana da ke reto a bayan uwarta.

"Kifin na gidanmu," ta ce. "Ku ba ni hanya in ɗauko kwalbar."

Ba ta kai ga tafiya ba. Rabi'u ya ratso taron daga baya, ya miƙa wa ma'aikaciyar wata kwalbar roba mai jan marfi.

"Ga ta. Ni na zuba."

Sanda ta farko ta same shi a kafaɗa, ta biyu a ƙeya. Zuliha ta faɗa kansa tana ihu. Allah ya kawo Sarkin Ruwa a lokacin, tsoho ne amma muryarsa ba ta tsufa ba. Ya kama wuyan rigar Rabi'u, ya ce duk wanda ya ƙara ɗaga sanda ya bar gari, ya ja shi har zaurensa ya sa sakata. Babur kuwa ya tashi da Grace da 'yarta da kwalbar.

Bayan la'asar waya ta zo daga Yelwa. An yi wa yarinyar allura, an sa mata ruwa, ta buɗe ido ta nemi uwarta. Delu da wasu mutum kaɗan sun yi amai da ciwon kai, suka warware. Awakin wani gida da aka shayar da wuri ba su tashi ba.

Aka binne kifin a bayan gari. Aka zubar da tanki, matasa suka shiga suka wanke shi, jami'an lafiya suka zo suka ɗebi ruwa a kwalabe suka tafi da shi gwaji. Kusan wata guda mata suna tafiya rijiyar burtsatsen ƙauyen gaba, su fita da safe su dawo rana tsaka. Zuliha tana cikinsu. Wasu ba sa amsa gaisuwarta saboda ƙanenta ne ya jawo, wasu saboda ba ta faɗi gaskiya da wuri ba. A gida kuma Inna ta daina cin abin da ta dafa.

Rabi'u ya kwana a hannun 'yan sanda, dattawa suka sa baki aka sake shi. An karɓe jirginsa, an hana shi kamun kifi, ya biya awakin da buhunan shinkafar gidansu. Matarsa ta haihu yana can wajen kawunsu yana aikin albasa, Zuliha ce ta yi hidimar suna.

Ranar da sakamako ya dawo aka ce ruwa ya gyaru, Baba Enoch ya tada inji. Famfon kasuwa ya kawo, bokitai suka cika, amma ba wadda ta ɗauki nata. Suka tsaya cirko-cirko suna leƙen ruwan, wata tana sunsunawa, wata ta riƙe hannun ɗanta gam.

Zuliha ta ari moɗa a wajen mai kunu, ta tara, ta shanye a gabansu, ta ƙara. Kowa yana kallonta. Ta zauna kan bakin siminti ta miƙe ƙafa.

"Ina nan zaune," ta ce. "Wadda ke da shakka ta jira ta gani."

Suka jira. Da aka jima Delu ta tashi ta kinkimi jarkarta tana mita cewa tuwonta ba zai tuƙa kansa ba, sai layi ya fara motsi. Grace ta cika nata, ta ɗora a ka, ta tsaya kusa da Zuliha ba tare da ta dube ta ba.

"Christiana na tambayarki," ta ce. "In kin samu sarari ki leƙo."