Hannun da Inna Ta Ƙi Saki

Kai ma kana wurin, kada ka ce ba ka gani ba. Kana tsaye a bakin tasha da safe lokacin da ɗan kamashon nan da ake kira Ƙwaro ya damƙi wuyan hannun wata yarinya yana jan ta zuwa motar da yake wa lodi. Ta ce ba can za ta ba. Ya ce za ta dai. Mutane suka yi dariya, kai kuma ka tusa kai cikin wayarka kamar an turo maka saƙon gaggawa. To ga abin da ya biyo baya, tunda ba ka tsaya ka tambaya ba.

A gida Auta ake ce mata. A shagon tabarau take aiki, ita ke zaunar da gilashi cikin firam ta ɗaure 'yan mitsi-mitsin sukurun da ke riƙe shi. Ranar nan hannunta ya kumbura, sukuru ya yi ta suɓuce mata yana ɓacewa ƙarƙashin tebur. Da yamma tana miƙa wa Baba ruwa ya ga shatin yatsu a fatarta.

"Wane ne?"

Ta faɗa masa. Sai ya yanke hukunci irin wanda iyaye suka saba yankewa: wanda ya yi laifi yana can yana lodinsa, wadda aka yi wa ita za a tsare.

"Na sake ganin yatsun wani a hannunki, kin zauna gida. Aikin ya ƙare."

Tashar nan kuwa ita kaɗai ce hanyarta. Don haka kullum da safe sai ta laɓe bayan masu kaya har sai Ƙwaro ya juya baya, ta lallaɓa ta shige mota. Ta fara makara. Mai shago ya fara duba agogo idan ta shigo.

A wani bidiyo a waya ta samo malama, wata gajeriyar mace mai kauri da ke koyar da yadda ake ƙwace hannu daga riƙo. Auta ta tura kujerun falo jikin bango, ta naɗe kafet, ta jingina wayar da kwalbar man shafawa. Malamar ta ce kowane riƙo yana da ƙofa, ƙofar kuwa tana tsakanin babban yatsa da sauran. Ta nan za ki murɗa ki fita.

Abokin gwaji ya rage, sai ta tare yayanta, mai gyaran firji, yana shigowa da jakar kayan aiki.

"Yaya, riƙe ni."

"Me na yi miki?"

"Riƙe dai."

Ya riƙe. Ta murɗa, hannu ya fita sumul. Yaya ya zube kan kujera yana ihu. "Wayyo, ta karya ni! Inna, zo ki ga abin da kika haifa!"

Haka suka yi ta yi kullum bayan ta taso daga aiki. Dama, hagu, hannu biyu, duk fita take yi kamar an shafa mata sabulu. Har ta daina kallon bidiyon zuwa ƙarshe. Me za ta gani kuma? Ta ce wa kanta gobe ba laɓe-laɓe, tsakiyar tasha za ta bi.

Inna tana gefe tana ninke kayan mutane. Wanki ne sana'arta tun kafin a haifi Auta, hannuwanta sun matse barguna da labulen da ba su ƙirguwa. Ta daɗe tana kallonsu. Ranar ta ajiye zanen gadon da ke hannunta.

"Zo nan, jaruma. Kawo hannun."

Auta ta miƙa tana murmushi. Inna ta kama.

Ta murɗa. Ko motsi. Ta sake murɗawa ta wajen babban yatsa, yadda aka koya mata, sai ta ji kamar an saka hannunta cikin bakin ƙofar ƙarfe an rufe. Ta ja baya da dukan ƙarfinta, Inna ko gezau.

"Inna, da zafi! Ki saki!"

"Shi wancan mara mutuncin, in kin ce masa da zafi, sakin ki zai yi?"

Sai da hawaye suka zubo Inna ta buɗe yatsunta. Auta ta juya ta kalli yayanta. Shi kuma ya kalli silin.

"Yaya, ashe saki na kake yi?"

"To ya kike so in yi? Ƙanwata ce ke. In tsaya in murɗe miki hannu kamar ɓarauniya?"

Ba mugunta ya yi ba, shi ne abin takaicin. Tausayi ne, irin na gida, wanda ke tafa maka ya tura ka waje hannu wofi. Da ta bi tsakiyar tasha washegari da abin da ta iya, da ta dawo da shatin yatsu, da aikin ya tafi.

Ta zauna a ƙasa ta mayar da bidiyon farko, ta kalle shi har ƙarshe. Ashe duk abin da ta tsallake shi ne ainihin aikin. Malamar ba ta ja baya. Tako ƙafa take yi ta shiga jikin mai riƙon, ta sauke nauyinta, ta tura gwiwar hannu gaba, ƙugu ya juya da jiki gaba ɗaya. Yaya yakan saki tun kafin a kai nan, shi ya sa ƙafar Auta ba ta taɓa sanin tana da aiki ba.

Daga ranar Inna ta karɓi riƙo. Ta yago tsohon tawul tana naɗa wa Auta a wuyan hannu don kada Baba ya ga alama ya ɗora wa wani. An mayar da Yaya mai riƙe waya.

"Ƙafa, Auta, ƙafa!" yake ihu. "Matar nan ta ce ƙafa!"

"Kai yi mana shiru, mai hannun auduga," in ji Inna.

Abin bai zo da wuri ba. Cinyoyinta suka yi tsami, kafaɗa ta yi nauyi, sau da yawa ta buge goshi da haɓar Inna. Sai wata yamma a tsakar gida, kusa da igiyar shanya, ta tako, ta sauka, ta juya, ta ji hannunta a iska. Inna ta yi taga-taga ta dafa bakin bahon wanki.

"Kin sake ni?" Auta ta tambaya, tana haki.

"Ni? Wallahi ban sake ki ba, 'yar nan. Ke kika fita."

Da safe ta bi tsakiyar tasha, kai a ɗage. Ƙwaro ya hango ta ya washe baki.

"A'a, 'yar tabarau! Kwana biyu kina guduna. Zo ki cika min mota."

Ya damƙa. Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne rashin nauyin riƙon. Wannan ne ya hana ta sakat? Ta tako cikin jikinsa, ta sauke nauyi, ta juya, muryarta ta tsaga tashar: "Sake ni!"

Shi da ya jingina baya yana ja, sai ya tarar ba abin da yake riƙe da shi. Ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin ruwan da aka wanke mota da shi. Wani direba ya leƙo ta taga.

"Ƙwaro, lodi kake ko wanka?"

Tasha ta ɗauka da dariya, wannan karon ba ita ake wa ba. Auta ta gyara jakarta ta shiga motar da ta ga dama. Ta riga mai shago zuwa, sukuru ko ɗaya bai faɗi mata ba.

Labari ya riga ta isa gida. Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa, ta durƙusa ta miƙa masa hannu biyu ya duba. Ya juya su, ya sake juyawa. Fes.

"Gobe ƙarfe nawa za ki fita?" ya ce. "Kada ki makara."

Auta ta tsira da aikinta. Amma Ƙwaro ya bushe, yana nan yana lodi, kuma irinsa suna kowace tasha. Ba kowace yarinya ke da uwa mai irin hannun nan ba. Saboda haka yau in ka koma gida, ka tura kujeru gefe, ka kira ƙanwarka ko 'yarka, ka riƙe ta riƙo na gaskiya har ta koyi fita. Gobe kuma in ka ga an damƙi wata a titi, ka taka ka tsaya kusa da ita, ka ɗaga murya kowa ya ji, ka ce masa ya sake ta.