Rigar da Hamad Bai Ɗaure Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa hawan jirgin shaƙatawa a gaɓar Ma'adi ranar Juma'a ya san Ammu Hamad, wato Baffa Hamad, kuma da wuya ka samu wanda bai taɓa jin haushinsa ba. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu, Bahaushen Sudan, haifaffen Mai Wurno a bakin kogi. Yaƙi ne ya koro shi da iyalinsa zuwa Alƙahira, suka raɓe a wani ɗan gida a Arba wa Nus. Sauran ranakun mako yana Ataba yana ɗaure wa 'yan kasuwa kaya a kwali. Ranar Juma'a kuwa, da an sauko daga masallaci sai ya kama hanyar Nilu, ya shiga cikin 'yan sa-kai masu duba jiragen haya kafin su ɗauki mutane.

Dubawarsa ba ta wasa ba ce. Zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashin benci, ya shinshina tankin mai, ya girgiza abin kashe gobara, ya matsa kowace rigar ceto da hannu ya ji ko soso ne a ciki ko ruɓaɓɓen tsumma. Matuƙa suna kiransa Hukuma a bayan idonsa. Jirgi ba ya tashi sai ya bi fasinja ɗaya bayan ɗaya ya ja igiyar rigarsu ya ji ta kama. In mace ce ya sa 'yar'uwarta ta ja, yana tsaye ya sha mur. Ya taɓa sauke wani babban mutum mai tumbi daga jirgi don rigar ta ƙi rufuwa, mutumin yana kumfar baki, shi ko a jikinsa.

Mutum ɗaya ne a duniya Hamad ba ya iya yi wa haka, shi ne Tarig, ɗansa na fari.

Mutanen su Hamad, da yake sun daɗe da barin ƙasar kakanni, sun riƙe wasu al'adu gam fiye da waɗanda suka baro a can. A gidansu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a taɓa shi a gaban mutane, ba a tambayar ko ya ci abinci. Ana yaye Tarig kakarsa ta ɗauke shi zuwa Omdurman, ya girma a wata unguwa mai nisa da kogi. Hamad ya koya wa rabin yaran Mai Wurno iyo, nasa bai samu ba. Da yaƙi ya haɗa su a rufi ɗaya Tarig ya riga ya zama saurayi mai gemu, amma a bakin ubansa sunansa "wancan" ko "mutumin nan". In yana so ya san ko ya dawo gida, sai ya saci kallon takalman bakin ƙofa. Kuma kada wani ya ce ba so ba ne. So ne mai tsanani, irin wanda yake zama a ƙirji ya rasa ƙofar fita. Matarsa Mahasin, wadda ita ma ba ta kiran sunan, takan ce masa su biyun nan Allah ya shirye su, sun haifi ɗa suna ɓuya masa kamar sun sato shi.

Tarig kuwa mai barkwanci ne. Yakan zo ya zauna dab da ubansa da gangan, ya ce, "Yaba, ina wuni," don kawai ya ga dattijo ya rasa inda zai sa idonsa.

A wannan bazarar aka ɗaura wa Tarig aure da Israa, 'yar maƙwabtansu, yarinya mai fara'a da ke koyon ɗinki. Can gida Sudan, ango da amarya sukan je bakin Nilu da rakiyar dangi su wanke fuska da ruwansa. Matasa suka ce ai Nilun nan shi ne dai na gida, ya biyo su ne, don haka za su yi hayar jirgi a Ma'adi su je tsakiyar ruwa ango ya ɗiba da hannunsa. Suka zaɓi Juma'a, suka zaɓi gaɓar da Hamad yake aiki, wai don ya ga an girmama shi. Da ya ji sai ya kwana biyu yana tunanin wane jirgi ne ya fi lafiya.

Akwai abin da ya dame shi. Ba a daɗe ba da aka yashe wani ɓangare na kogin, aka canja wa jirage hanya. Jajayen gangunan ƙarfe da ke yawo a ruwa suna nuna inda ba a bi, waɗanda Misrawa ke ce wa shamandura, an cire su daga inda aka saba ganinsu an matsar da su gaba, saboda yashi ya taru a kan wani tsohon jirgin dakon kaya da ya nutse tun tuni. 'Yan sa-kai sun bi matuƙa suna gaya musu. Amma tsohon matuƙi ba da ganga yake tuƙi ba, da hasumiyar masallaci da dogon bene yake gane hanyarsa, hannunsa ya riga kansa sani.

Ranar, bayan la'asar, 'yan biki suka cika gaɓa da guɗa da ƙamshin turare. Hamad ya zaɓi jirgin Ayman, jirgi mai inji sabon fenti. Ya duba shi fiye da yadda ya taɓa duba jirgi, har Ayman ya tambaye shi ko zuwa hajji za a yi da shi. Ya kama hannunsa ya nuna masa jajayen gangunan a sabon wurinsu, ya ce ya bar su a damarsa, kada ya bi tsohuwar hanya. Ayman ya buga ƙirji ya ce da Larabci tamam, ya hajj, wato an gama, Alhaji.

Sai aka fara shiga. Hamad ya bi kowa ya ja igiya. Ya ja ta surukinsa baban Israa, ya ja ta abokan ango, ya sa wata gwaggo ta gyara ta amarya a kan lulluɓinta. Da ya iso gaban jirgi ga Tarig a tsaye, farar jallabiya fes, lalle a hannu, rigar ceto rataye a kafaɗa, gaba a buɗe, igiyoyi suna lilo. Taku biyu ne tsakaninsu. Amma ga surukai sun zuba ido, ga dattawan Mai Wurno a gaɓa, kuma yau ɗan nan ango ne. Hannun da ya ɗaure wa dubban baƙi riga ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Ya kau da kai ya wuce, ya yi kamar yana duba igiyar anga, ƙarfen tsayar da jirgi.

Da ya sauka sai ya yi abin da aka saba yi a gidansu. Ya yafito Munzir, babban abokin ango, ya ce masa ƙasa-ƙasa, "Je ka gaya wa mutumin can ya ɗaure rigarsa."

Munzir ya ce to, ya kutsa cikin mutane. Hamad ya ga ya isa, ya ga ya raɗa masa a kunne, ya ga Tarig ya yi dariya ya juyo ya dube shi daga kan jirgi. Ya daɗe yana dubansa. Hamad ya sunkuyar da kai yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Kafin ya ɗago an kunna kiɗa, inji ya tashi, jirgi ya ja da baya daga gaɓa. Ya ce a ransa ai saƙo ya isa, yaro mai hankali ne, zai ɗaure.

Yana tsaye yana bin su da ido har suka yi nisa. Da farko Ayman ya bi sabuwar hanya. Sai mata suka fara rawa, wani ya miƙa masa shayi, kan jirgi ya karkata a hankali ya saitu da hasumiyar masallacin tsallake, kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Hamad ya ga jar ganga ta koma hagunsu. A daidai nan ya hango farar jallabiya ta sunkuya a gaban jirgi, hannu ya miƙa zai ɗebo ruwa.

Ya ruga har ƙarshen katakon gaɓa yana ɗaga hannuwa. Ya buɗe baki da iyakar ƙarfinsa, abin da ya fito shi ne, "Kai! Kai!" Mutanen gaɓa duka suka waigo, kowa yana zaton da shi ake. Na cikin jirgi ba wanda ya ji.

Ƙarar ba ta da yawa. Jirgin ya tsaya cak, ya ɗaga baya, ya jirkice gefe guda, mutane suka zube a ruwa. Jiragen kusa suka rufa, Hamad yana cikin na farko. Aka yi ta tsamo su, kowa rigarsa ta riƙe shi, riguna masu ruwan lemo a ko'ina, ana kuka ana salati. An tsamo baban Israa, an tsamo gwaggo, an tsamo amarya tana amayar da ruwa. Sai Hamad ya ga wata riga ita kaɗai tana tafiya da igiyar ruwa, a buɗe, ba kowa a ciki. Ya faɗa ruwa da kayan jikinsa. Ya yi ta nitso yana lalube a cikin laka da tsatsar ƙarfe har hancinsa ya fara jini, sai da ƙarti suka ciro shi da ƙarfi.

Washegari da hantsi masu ceto suka samo Tarig can ƙasa, lallen yana nan a hannunsa.

A zaman makoki Hamad ya zauna a kan tabarma yana amsa gaisuwa, ido a bushe. Dattawa suka yi ta yaba masa, wai ga dauriya irin ta mutanen da, ɗan fari ya tafi amma ko gezau. Kowane yabo sai ya ji kamar an zuba masa ruwan zafi a ciki. Abu ɗaya yake riƙe da shi don kada ya zauce: ya aika, ya ga saƙo ya isa. Watakila kiɗa ne ya hana yaron ji sosai. Watakila ya ɗaure, igiyar ce ta tsinke. Ya so ya tambayi Munzir, amma duk lokacin da suka haɗa ido sai saurayin ya tashi ya fita.

Bayan mutane sun fara raguwa, wata safiya Mahasin ta ce masa Israa tana son ganinsa. Ya shiga ɗakin da take takaba, ya tsaya daga bakin ƙofa. Tana zaune a ƙasa cikin farin mayafi, ta rame, ta yi wani irin sanyi. Ta gaishe shi, ya amsa. Ta ce ta ga ba ya cin abinci, ta ga kamar yana zaton Tarig ya raina maganarsa ne, shi ya sa take so ta kwantar masa da hankali.

"Yaba, wallahi bai raina ka ba. Ina kusa da shi sanda Munzir ya faɗa masa. Da gangan ya bar rigar a buɗe tun a gaɓa."

Hamad ya dafa ƙofa.

"Dariya ya yi, ya ce, kowa a jirgin nan Yaba ya ɗaure wa da hannunsa. Yau ranar aurena ce, yau kaɗai, bari in gani ko zai zo ya ɗaure mini. Ya ce in kin ga ya taho kada ki yi dariya, kunya za ta kama shi ya koma." Ta share ido da gefen mayafi. "Yana ta kallonka, Yaba. Yana sonka ƙwarai."

Ita a ganinta kyauta ta ba shi. Can Hamad ya tambaye ta, da murya wadda shi kansa bai gane ta ba, ko ya ƙara cewa wani abu bayan nan.

Ta faɗa masa yadda abin yake, don ba ta so ta yi masa ƙarya.

"Da jirgi ya tashi ya ce, ma'alish, ba komai, wata rana."

Hamad ya sulale ya zauna a bakin ƙofar, a gaban surukarsa, a gaban matan da ke tsakar gida, ya rufe fuska da hannu biyu. Kukan da ya fito daga ƙirjinsa ya sa Mahasin ta saki kwanon da ke hannunta. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri.