Ƙanƙara a Cikin Fino

Nieves ta tafa ganyen na'a-na'a tsakanin tafukanta don ƙamshin ya tashi, ta jefa cikin tambulan. Ta bi shi da yankan lemun zaƙi, da inabi, da ɗan sukari, ta daddanna. A bayan kantar mashaya take tsaye, inda ta saba haɗa giya.

"Wai me kike so ki gani?" in ji yayanta Curro. "Likita ya gama magana. Gidan kula da tsofaffi sun ce akwai gado. Ke kaɗai kika kafe."

"Baba yana nan da hankalinsa. Mantuwa ce kawai. Kai ma ai ba ka tsira ba."

Mahaifinsu, Eusebio, na zaune bakin taga da hularsa a gwiwa. Rayuwarsa duka a rumbunan giyar garin Jerez na ƙasar Sifen ya yi ta, da hanci kawai yake gane gangar da ta nuna. A wurinsa giyar sheri, musamman farar nan da ake kira fino, ba a gauraya ta da komai. A sanyaya kwalba, a zuba, a yi shiru. Ranar da Nieves ta fara haɗa ta da kayan marmari, a gaban jama'a ya kifar da tambulan, ya ce in miya take son yi ta koma kicin. Ta yi kuka ranar. Shekara da shekaru tana roƙon ya ɗanɗana ko sau ɗaya, tsohon nan ya ƙi.

Ta tsiyaya fino, ta cika da dakakkiyar ƙanƙara har ta yi tozo. Ƙanƙara a cikin fino! Ko a mafarki tsohon ya ga haka sai ya farka da faɗa.

"Zai zage ni, ka tsaya ka gani," ta ce. "In ya zage ni, ba inda za shi."

Curro ya kau da kai.

Ta ajiye tambulan a gaban tsohon. "Baba, ga fino. Na sa mata lemu da na'a-na'a. Da ƙanƙara." Ta ja kalmar yadda zai ji da kyau.

Ya ɗauka. Bai ko kai hanci ba, mutumin da ko ruwa sai ya shinshina. Ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya lashe leɓe.

"Kai, da daɗi," ya ce, da murmushin da ake yi wa baƙo. "Kin iya, 'yammata. Wa ya koya miki giya?"

Yabon da ta daɗe tana jira ke nan, kuma ba ta taɓa jin magana mai ciwonsa ba.

"Babana," ta ce. "Amma shi ba ya son wannan."

"To bai san daɗi ba. Ƙaro min ƙanƙara."

Ta koma bayan kantar, ta ɗebo ƙanƙara, ta zuba masa. Sannan ta juya ga Curro.

"Yaya, kira gidan tsofaffin. Bari ya shanye tukuna."