Tutar Bindigar Turkawa

Tun da Abdulrauf ya bar tuƙin motar alhazai, ba shi da aiki sai tara tsofaffin bindigogi a gidansa na unguwar Al-Sih. Kowacce yakan rataye ta a bango tare da tutar rundunar da ta riƙe ta, kuma ba ya karɓar tuta sai ta asali.

A shekarar 1978 wani manomin dabino a Badr ya sayar masa da wata doguwa mai tsatsa. Da ya goge ta, sai ga jinjirin wata a jikin ƙarfen, ya gane ta sojojin Turkawa ce na yaƙin duniya na farko. Ya nemi tutarta har Jidda bai samu ba, abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Matarsa Ƙaltume, mai yawan mitar warin man bindiga, ta sayo jan yadi ta ɗinka masa tutar da hannu. Tauraron ya ɗan karkace.

"Abu Zulaiha, ga wannan kafin ka samu ta gaske," in ji ta, tana kiransa da sunan 'yarsu.

Ya daɗe yana shafa ɗinkin, sannan ya rataye ta.

Daga baya abokinsa Ƙasimu ya kawo masa ta asali daga Sham. Abdulrauf ya yi godiya, ya ninke ta ya sa a akwati.

"Ba za ka sauke waccan ba?" Ƙasimu ya tambaya.

"Bar ta nan," in ji Abdulrauf. "Idon Ƙaltume ya yi rauni, amma da kanta ta zura zaren."