Hannun Rodion Fomich

Tun da ciwon ɓarin jiki ya taɓa Rodion Fomich a hunturun bara, makaɗansa suka daina kuskure. Abin da ya hana shi sukuni ke nan.

Shekara arba'in da ɗoriya yana jagorantar ƙungiyar makaɗan garinsu na bakin kogin Ob. Yana saurayi aka turo shi daga Leningrad, ya tarar da mutane suna goge da safar hannu mai yankakkun yatsu saboda sanyin zauren, ya mai da su ƙungiyar da har Mosko ake gayyata. Da masifa ya yi aikin nan, kada wani ya ce maka da lallashi ne. Dokarsa ɗaya ce: idon kowa a kan 'yar sandar da ke hannunsa. In ya ɗaga ta, su ja numfashi tare. In ya yi kuskure ma su bi shi cikin kuskuren, daga baya ya wanke su tas.

Yanzu hannun na rawa. Shi kansa ya san wani lokaci a makare yake saukowa, amma kiɗa na fita sumul, ko gargada babu. Shugaban gidan kiɗa na jiran amsarsa, zai ci gaba baɗi ko zai huta. Shi kuwa ba shi da amsa sai ya san ko har yanzu hannunsa ake bi.

Ranar gwaji da safe ya shigo yana karkaɗe ƙanƙara daga hularsa. Yefim mai busa ƙaho ya ɗaga murya daga layin baya.

"Rodion Fomich, yau kun fi ango kyau! Wace ce mai sa'ar?"

"Yefim, da busarka ta kai surutunka da tuni kana Mosko. Zauna."

Aka yi dariya. A da wa ya isa ya tsokane shi? Yanzu wasa suke da shi irin na jika da kaka, wannan ma yana masa ciwo.

Ya hau dandamali. A hagunsa Taisiya ce zaune, shugabar masu goge. Shi ya ɗauke ta aiki tana budurwa, ga ta yau da furfura. Ya ce a soma daga sashen nan mai tafiyar sannu, ya ɗaga sanda, kiɗa ya taso.

Da aka kai tsakiya, inda manyan goge ke karɓar waƙar, sai ya sauke hannu. Ya ajiye sandar a kan takardunsa, ya goya hannuwa a baya.

Kiɗa ko gezau bai yi ba.

Nan ya ga abin da ya daɗe yana gudun gani. Fuskokinsu na wajensa, amma idanun sun ɗan karkata hagu, suna kan kafaɗar Taisiya. In ta ɗaga, su shigo. In ta sunkuya, su yi ƙasa. Har ɗan jinkirin nan da yake so kafin shigowar sarewa, wanda ya yi shekaru yana musu ihu a kansa, ga shi nan daidai. Kai, bai taɓa jin sun yi shi da kyau haka ba.

Mai sarewa ce ta fara lura, ta sauke. Taisiya ta ɗago, ta ga hannuwansa a baya, gogenta ya tsaya. Sauran kayan kiɗan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har zauren ya yi tsit.

"Tun yaushe, Tasya?" ya tambayi Taisiya da sunan da ya saba kiranta.

"Tun dawowarku daga asibiti."

"Shawarar wa?"

"Tamu duka," in ji Yefim, babu wasa a muryarsa. "Kada ku ɗora mata ita kaɗai."

Taisiya ta ce, "Abin da kuka koya mana muke yi, Rodion Fomich. Ba mu ƙara komai ba. Mun dai ga ba za mu iya barin ku ku ji kunya a gaban jama'a ba."

Tsawar da suke jira ba ta zo ba. Ya sauko daga dandamali yana jan ƙafar dama, ba wanda ya yi gigin kama shi. Ya wuce cikin kujerun 'yan kallo, ya zauna shi kaɗai da rigar sanyinsa.

"Masu ƙaho sun yi ƙarfi a ƙarshe," ya ce. "Ku sake daga farko."

Ba wanda ya motsa. Duk sun juyo suna kallonsa, a karon farko cikin shekara guda, suna jiran ya ba da alama. Hannunsa na dama ya soma tashi da kansa. Ya sa na hagu ya danne shi a kan gwiwa.

"Me kuke kallo a nan? Tasya, ba su alama."